Malamin Turanci da Kunyar 'Yar Fari

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Mahaifina ya riga mu komawa a ƙarshen bazarar da ta wuce, kafin ruwan farko ya sauka, aka yi zaman makoki a gidanmu na gado da ke Ƙofar Atiku. Na san yana da jama'a, amma wallahi ban san sun kai haka ba. Tabarmin ƙofar gida suka kasa, sai da aka aro na maƙwabta. Masu manyan motoci suka zo, masu babura suka zo. Wani mai tuƙa keke napep a Gidan Igwai ya yini yana jigilar masu gaisuwa bai karɓi komai ba, wai shi ma ya taɓa zama ajin Malam kafin karatun ya gagare shi.

Malam muke ce masa, mu da ɗalibansa baki ɗaya. Shekaru masu yawa ya yi yana koyar da Turanci a jami'a, yawanci ga 'yan shekarar farko, waɗanda suke shigowa da Turancin jarrabawa a ka amma bakinsu a rufe.

A cikin gida, wajen mata, aka yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Wata mata ta shigo, ma'aikaciyar asibiti ce, ta yi wa Inna mahaifiyata gaisuwa, ta yi addu'a, sannan ta dubi ɗakin ta ce, "Don Allah wace ce 'yar farin?" Goggo, yayar Malam, ta nuna ni da haɓa. Matar ta ƙura mini ido, ta ce, "Ashe ke ce ba ki shan miyar kuka."

Sai wata da ke bayanta ta ce, "Ita ce kuma ta faɗo daga kan bishiyar dogon yaro ta fasa goshi. Ga tabon nan." Wata kuma ta ce su a shekararsu 'yar Malam ta riga ta yi aure, tana ƙona shinkafa. Ashe duk jimlar da zai rubuta a kan allo don misali, da ni yake gina ta. Ɗiyata ba ta son kaza. Ɗiyata ta tafi kasuwa jiya. Da ɗiyata ta ji magana, da ba ta faɗo ba. A shekarar da na zauna ajinsa ne kawai ya koma misali da akuya da manomi, shi ya sa ban taɓa sani ba. Mata suka yi ta dariya ƙasa-ƙasa suna neman gafarar Allah, don ba a dariya a gidan makoki. Ni ma na yi. Daga nan kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba ko lokacin da aka fita da shi.

Ba su san dalili ba. Mutumin nan da ya cika allon jami'a da labarina, tun da aka haife ni har tsufansa bai taɓa dubana ya yi mini magana da Hausa ba. Ni ce 'yar fari, gidanmu kuma gidan kunya ne. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna ya san da zamansa. Wasu gidajen sun sassauta, namu bai sassauta ba, don Goggo tana raye.

Ita ta ɗauke ni bayan yaye, a ɗakinta na tashi. Malam yakan zo kowace Juma'a bayan masallaci, ya gaida kowa har 'yan haya, ya zauna a bakin ƙofar Goggo. Ina zaune gab da ƙafarsa zai ce, "Adda, yarinyag ga tana cin abinci kuwa?" Goggo ta ce, "Tana ci, sai ƙiriniya." Ya ce, "To, madalla." Ya ajiye ledar lemu, ya tashi. Ina yarinya na ɗauka ba ya ganina ne, har nakan matsa in taɓa takalminsa in ga ko zai duba.

Ina ajin ƙarshe na firamare ƙofar magana ta buɗe tsakaninmu. Ina kwance a tabarma ina karanta littafin Turanci da ƙarfi, ina ta kwaɓa shi son raina. Ya zo wucewa, ya tsaya. Malamin Turanci dai ba ya iya wuce karatun da ake yi wa kisan gilla. Ya gyara mini kalma ɗaya, ya gyara ta biyu. Sai kuma, da Turancin dai, ya tambaye ni me na ci da safe. Na waiga in ga da wa yake. Babu kowa sai ni. Na haɗa 'yan kalmomin da na sani na ce koko da ƙosai. Ya ce ƙosai nawa. Na ce da yawa. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ranar na fara ganin haƙoran mahaifina.

Goggo ta leƙo ta ce, "Mi kuka cewa?"

Ya ce, "Karatu na, Adda."

Ta ce, "Karatu da dariya?" Ta dube shi, ta dube ni, ta koma ɗaki. Daga baya na ji tana gaya wa Inna cewa babu laifi, Turanci ai ba magana ba ce, aiki ne, kuma ba a hana mutum aikinsa. Da wannan fatawar ta Goggo muka rayu, ni da shi.

Wanda bai san shi ba, ba zai ce malamin Turanci ne ba. Ɗan malaman zaure ne, ya sauke Alƙur'ani kafin ya shiga boko. Ban taɓa ganinsa da kwat ba. Kaftani ne da hula, aljihu cike da guntayen alli, Inna tana ta faɗa wajen wanki. Darasin da yake ɗauka shi ne wanda sauran malamai suke gudu: Turancin dole na 'yan shekarar farko, babban ɗaki cike maƙil, wasu a kan taga, ga zafin Sakkwato, ga takardun dubawa da ba sa ƙarewa. Abokan aikinsa suka yi ta rubuce-rubuce suna hawa matsayi, shi yana nan yana duba insha'in yara da jan biro. Bai zama farfesa ba. Har wanda ya koyar ya dawo ya zama shugaban sashensu. Wannan ya daɗe yana ci wa Inna rai. Takan ce, "Kowa na gaba, kai kana nan kana koya ma ɗiyan mutane gaisuwa." Ya ce, "To in ban koya musu ba, da mi za su gaida farfesan?"

Na shiga ajinsa da na samu jami'a, don darasin ba a tsallake shi. Ya yi ƙoƙarin a mai da ni wajen wani malami, bai yiwu ba, sai ya riƙa ba abokin aikinsa takarduna ya duba. A aji kuwa in zai kira ni, da sunan mahaifi yake kira, wato sunansa. Mutum ya tsaya gaban jama'a yana kiran kansa don kada ya kira 'yarsa. Ɗalibai suka yi ta ƙunshe dariya, shi ko a jikinsa.

A nan na ga yadda yake aiki. Maganarsa ta kullum ita ce, "Yi kuskurenka da ƙarfi in ji shi. Wanda ka ɓoye a ciki ba ni iya gyara shi." Dokarsa ɗaya ce: ba a yi wa mai magana dariya. Wanda ya yi, shi zai miƙe ya ci gaba daga inda wancan ya tsaya, kuma galibi sai ka ga nasa ya fi muni.

Akwai wani dogon saurayi a ajinmu, daga ƙauyukan fadama ya zo, kullum yana can baya ya sunkuyar da kai. Ranar da Malam ya tashe shi, ya tsaya gumi yana zuba, ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Malam ya sauka daga kan dandamali, ya taka har inda yake, ya tambaye shi da Hausa a hankali, "Mi kuka nomawa a gida?" Ya ce shinkafa. Malam ya ce, "To ni baƙo na, ban jin Hausa, kuma ina son in noma shinkafa bana. Gaya mini yadda zan yi, kar in yi asara." Yaron ya fara, yana tuntuɓe. Duk inda ya maƙale sai ya faɗi kalmar da Hausa, Malam ya rubuta ta Turancin a allo, ya ci gaba. Tun yana raɗa har muryarsa ta fito, har ya fara nuni da hannu yadda ake dashe. Lokacin darasi ya ƙare ba wanda ya tashi. Haka yake yi da kowa: mai ɗinki ta yi bayanin ɗinki, ɗan mahauta ya yi na fawa. Yakan ce mutum ba ya jin tsoron baƙon harshe in abin da zai faɗa nasa ne.

Amma ni abin da na fi so a shekarun nan shi ne hanyar komawa gida, don a lokacin na koma wajen iyayena da zama. Yana da wata tsohuwar mota da sai an lallashe ta take tashi. Mukan tsaya a Gidan Igwai ya sayi masa mai zafi, mu ci a cikin mota kamar ɓarayi, don Inna ta hana shi mai. A motar nan babu abin da ba mu tattauna ba, duk da Turanci. Ya yi mini tsiya, na rama. Ya gaya mini yadda ya ji tsoro ranar da ya fara tsayawa gaban aji. Da mijina ya fara zuwa zance, a motar nan ya tambaye ni ko ina son sa, tambayar da ko a mafarki ba zai yi da Hausa ba. Da zarar mun shiga ƙofar gida kuwa, shi ke nan, an rufe shago. Zai wuce ni ya ce wa ƙanena, "Ka ce ma yarinyag ga ta kawo ruwa."

Na daɗe ina ganin wannan ya ishe ni. Sai da aka jarrabe ni na gane bai isa ba.

Haihuwata ta farko, yaron bai zo da kwana ba. Ina kwance a ɗakin Inna, jiki babu ƙarfi, mata suna shigowa suna fita. Malam ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Ya yi mini ta'aziyya da Turanci, kalmomi masu kyau, a tsare, muryarsa tana rawa. Ni kuwa ji na yi kamar ana karanta mini jarida. Ɗana ya mutu da Hausa, na yi naƙuda da Hausa, na yi kuka da Hausa. Ba malami nake so ba a ranar, ubana nake so. Ina da zuciya, kowa ya sani, gadon Goggo ne. Na juya fuska ga bango na ce, da Hausa, "Malam, yau ba ni jin Turanci."

Na ji ya cire tabarau, na ji ya mayar. Na jira, Allah Ya sani na jira. Sai ya ce wa Inna, "Ki ce mata ta yi haƙuri." Ya juya ya fita.

Watanni na yi ban yi masa Turanci ba. In ya yi mini, sai in amsa da Hausa, shi kuma ba ya iya ci gaba, maganar ta mutu a nan. Inna ta yi faɗa, ta ce ina wahalar da bawan Allah a kan abin da ya tarar iyayensa suna yi. Goggo ta ce ba ni da kunya. Na ce ai kunyar ce ta yi mana yawa a gidan nan. Har yau ban ce na yi kuskure ba, kuma ban ce ya yi ba. Shi abin da aka gina shi da shi ke nan, ni kuma abin da nake bukata ke nan.

Shi ya nemi sulhu, ta hanyarsa. Wata rana ina wurin aikina a Sama Road sai ga shi da kwamfuta a hannu, an ce musu daga yanzu a cikinta za su riƙa shigar da sakamakon ɗalibai. Ya ajiye ta a kan teburina, ya ce da Turanci wai abin nan ya raina shi, ya danna ko'ina ya ƙi, ko akwai mai taimakon tsoho. Na san sarai akwai masu yi masa wannan a jami'a. Na dube shi, hula a karkace, alli a hannun riga, ya tsufa ban lura ba. Tausayi ya kama ni. Na ja masa kujera, na amsa da Turanci. Muka koma yadda muke, amma abin yana nan a raina, na dai daina taɓa shi.

Da ya yi ritaya bai huta ba. Zaurensa ya koma aji. Yaran unguwa da Turanci ya kayar a jarrabawa suka riƙa zuwa bayan la'asar, yana koya musu kyauta, yana yi musu tsawar nan tasa ta a yi kuskure da ƙarfi. A gabansu ciwon ya same shi. Yana cikin bayani allin ya faɗi daga hannunsa, bakinsa ya karkace. Hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin jiki.

Ya yi kwanaki ba ya magana. Da ta fara dawowa, Hausa ce ta dawo, tsohon Sakkwatancin da ya tashi da shi a Ƙofar Atiku, da addu'o'insa da surorinsa cif. Turanci kuwa ya tafi. Likita ya ce yakan faru, wani lokaci harshen da aka koya daga baya shi ke fara ɓacewa, mai yiwuwa ya dawo, mai yiwuwa kuma a'a. Bai dawo ba. Tsofaffin ɗalibansa sukan zo dubiya, su durƙusa su gaishe shi da Turancin da ya koya musu, suna so ya ji yadda suka ƙware. Sai ya yi murmushi ya dubi Inna, kamar mai tambayar me baƙin nan suke cewa. Na ga wani babban mutum mai furfura daga cikinsu ya fita zaure yana share hawaye da hularsa.

Kowa a gida yana hamdala, Malam ya samu baki. Yana hira da Inna, yana tsokanar jikoki, yana yi wa ƙannena faɗa. Ni kaɗai ce ya zame wa bebe. Kullum in na tashi aiki can nake wucewa. Ni ke dama masa kunu, ni ke ba shi a baki, ni ke gyara masa matashi. Yana kallona, ina kallonsa. Na gwada yi masa Turanci sau ɗaya, a hankali, irin na 'yan firamare. Ya ƙura mini ido yana nema, yana nema, har idonsa ya kawo ruwa. Ban sake ba. In yamma ta yi sai ya ce wa Inna, "Ki ce ma yarinyag ga ta tai gida, maigidanta na jira." Nakan fito in zauna a mota in kifa kai a kan sitiyari. Mahaifina yana da rai, amma hanyar da nake bi in same shi ta rufe, kuma ba ni da wata.

Haka muka ci watanni har zafi ya shigo. Wata ranar Asabar da hantsi Goggo ta zo dubiya, an riƙo ta, don ita ma ƙafa ta ƙi. Tana zaune a kan darduma, Inna tana gefen gado tana yi masa fifita. Na shigo da kofin kunu.

Sai ya kira sunana.

Sunana na yanka, cikakke, yadda aka raɗa mini. A bakinsa ya fito wani iri, kamar bai saba da nauyinsa ba. Na tsaya da kofi a hannu. Mafici ya tsaya a hannun Inna. Ya sake kira.

Na ce, "Na'am, Malam."

Ya ce, "Aje wanga. Zo ki zamna nan kusa."

Na zauna a bakin gado. Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan nawa. Ya ce, "Kin gaji da ni ko?" Na ce a'a. Ya ce, "Kin gaji mana, ke da ba ki da haƙuri." Ya yi 'yar dariya da rabin bakinsa. Sannan ya ce, "Amma kin yi haƙuri da ni, ɗiyata. Na sani. Allah Shi yi miki albarka." Daga nan ya shiga hira kamar mun saba, yana ba ni labarin yadda yake satar fita daga makarantar zaure ya je kallon masu jimar fata, da dukan da ya sha a kan haka. Ba wata babbar magana. Ni dai ina zaune ina shan muryarsa da Hausa, ina amsawa da Hausa, har barci ya ɗauke shi.

Na fito tsakar gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Ina neman wanda zan rungume. Ban ma lura Goggo ta fita ba, sai na same ta a bakin madafa, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Na ce, "Goggo, kin ji? Kin ji ya kira ni?"

Ta sauke mayafin. Ta ce, "Na jiya. Ke murna kika yi?" Ta share ido da bayan hannu. "Ɗauki waya ki kira ƙannenki na nesa su taho. Ni na goye shi, na san ƙanena. Tun da yab buɗe baki yak kira sunanki gabana, ya gama da duniya."

Na ce haba Goggo, sauƙi ne ya samu. Ba ta yi musu da ni ba. Ta dai ce in kira su.

Na kira su, suka zo. Bai kai wata Asabar ɗin ba. A 'yan kwanakin da suka rage ban bar gefen gadonsa ba, kuma duk lokacin da ya buɗe baki sai gabana ya faɗi. Ni da na yi rayuwata ina jiran ya kira ni, sai ga ni ina roƙon Allah a zuci ya juya ga Inna ya ce a gaya wa yarinyag ga ta tai gida. Bai sake cewa ba. Da sunana ya yi ta kirana har ya cika.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa abin da ya koyar ya bi shi da lada. Duk wanda ya taɓa zama ajinsa, ina roƙon ya sa shi a addu'a. Mu kuma Allah Ya kyautata namu zuwan.